Ɗaura fankar sama lokacin gyaran ɗaki

Bayan an gama girbi, an sayar da wake da gyaɗa, mutane da yawa suna komawa ga gyaran gidajensu. Wani ya sake yaɓe, wani ya cire tsohon rufi ya sa kwano, wani ya zuba siminti a daɓe. A garuruwan da wutar NIGELEC ta kai, akwai kuma abin da mai gida ke sa ma ranshi: ya ɗaura fanka a sama kafin bazara ta shigo. Kowa ya san zafin watan Afirilu da na Mayu. A Tawa, da Ƙonni, da Maraɗi, da Damagaram, da Yamai, ma'aunin zafi yana wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Ɗakin kwano da tsakar rana kamar tanda yake.

Fankar sama ba ta cin wuta da yawa, kuma ɗaura ta ba aiki ba ne mai wuya ƙwarai. Mutum mai natsuwa, wanda bai taɓa yi ba, yana iya yin mafi yawan aikin da hannunshi. Amma akwai abu guda da sabon hannu ke mantawa. Hankalinshi duk yana kan wayoyi, alhali babbar magana tana ga abin da za ya riƙe fankar. Ƙarfe ne mai nauyin kilo 5 zuwa 10, yana juyi dare da rana bisa kan mutane, bisa tabarmar da yara ke kwana. Wurin rataya shi ake fara shiryawa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin gyara, tun rufi yana buɗe, tun magini bai tafi ba.

A fara da awo

Kafin a je kasuwa, a ɗauki metir a auna ɗaki. Awo na farko shi ne daga daɓe zuwa rufi. Ƙa'idar da masu ƙera fanka ke bi ita ce fukafukai su yi nisan metir 2 da santimetir 30 daga ƙasa, ko fiye. Dalili a fili yake. Namiji dogo in ya ɗaga hannu za ya sa riga, hannun yana wuce metir 2.

To, fanka ba ta manne da rufi. Da sandarta da injinta, tana saukowa kamar santimetir 40 zuwa 50. In an haɗa lissafi, 2,30 da 0,45 sun ba da 2,75. Ke nan ɗakin da rufinshi bai kai wajen metir 2 da 80 ba, bai dace da fankar sama mai doguwar sanda ba. Ɗakunan ƙasa da yawa na ƙauye ba su kai haka ba. Mai irin wannan ɗaki ya nemi fankar bango ko ta tsaye, ya huta. Wanda kuwa yake sake rufi gaba ɗaya, yana da dama ya ce ma magini ya ƙara jeri biyu ko uku na tubali. Ɗaki mai tsawo ya fi sanyi ko da babu fanka.

Kada a ce za a gajarta sanda har fukafukai su kusa taɓa rufi. Fanka daga sama take jawo iskar da take turowa ƙasa. In ba a bar mata kamar santimetir 25 zuwa 30 tsakaninta da rufi ba, za ta yi ta juyi, iska kaɗan.

Awo na biyu shi ne faɗin ɗaki. Fankokin da aka fi samu a kasuwa iri biyu ne. Akwai mai faɗin metir 1 da 20, an rubuta 1200 ko 48 a kwalinta. Akwai mai metir 1 da 40, an rubuta 1400 ko 56. Ƙaramar ta isa ɗakin kwana mai metir 3 bisa 3, ko 3 bisa 4. Babbar ta falo ce. Dogon falo ya fi son fanka biyu matsakaita bisa ga babba guda. Bakin fiffike ya yi nisan rabin metir daga bango, daga labule, daga ƙofar kabad in an buɗe ta. A tuna da sandunan gidan sauro, da gado mai hawa biyu in akwai shi.

Ƙwan lantarki kuma kada ya kasance bisa fukafukai. In haske yana ratsowa ta tsakaninsu, ɗaki za ya riƙa walƙiya, ido ya gaji, yaro ya kasa karatu. A mai da ƙwai jikin bango.

Mi za ya riƙe ta?

Amsar tana ga irin rufin ɗakin.

Ɗakin kwano mai silin. Nan aka fi yin kuskure. Silin, wanda wasu ke ce ma palafon, falle ne na katako marar kauri, ko na farar ƙasa. An yi shi don ya tare zafi da ƙura, ya ƙawata ɗaki. Ba ya ɗaukar kaya. Ƙananan katakan da aka buga shi a jikinsu su ma ba su ɗauka. Mutum ya murɗa ƙugiya cikin falle, ya rataya fanka, ya ga ta zauna, ya ce an gama. Ranar farko lafiya lau. Amma injin yana girgiza kaɗan-kaɗan, ramin yana faɗi, wata rana sai a ji ta ƙasa.

Abin da ake yi shi ne a kai ga ƙashin rufin. In akwai babban ƙarfe da ya ratsa ɗaki, wanda magina ke kira IPN, ko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai walda ya kama ƙugiya a jikinshi. In ƙarfen bai bi ta tsakiyar ɗaki ba, a gitta wani tsakanin ƙarfe biyu, a yi walda a kowane gefe. In ƙashin rufin na katako ne, a gitta katako mai kauri tsakanin manya biyu, a huda shi, ƙugiya ta ratsa ta fito ta sama, a sa mata wasa mai faɗi da noti biyu. Noti na biyu yana hana na farko kwancewa. Duk wannan aikin minti kaɗan ne in ba a buga silin ba tukuna. In an riga an buga, sai an ɓalle falle guda, ko a sa yaro ya yi rarrafe cikin zafi tsakanin kwano da silin.

Ɗakin dal, wato rufin kankare. In ba a zuba ba tukuna, abin da sauƙi. A lanƙwasa rodi mai lamba 8 ko 10, a ɗaure shi da rodin dal ɗin, a bar bakinshi ya leƙo ƙasa a tsakiyar ɗaki. A shimfiɗa bututun roba da waya za ta bi, daga nan zuwa wurin makunni. In siminti ya bushe, ƙugiyar ta zama jikin gini. Ko mai gida bai da kuɗin fanka bana, ya sa a bar ƙugiyar da bututun. Guntun rodi ne kawai.

In dal ta riga ta bushe, sai huji da injin huda kankare. A sa irin ƙusar ƙarfe mai buɗewa cikin rami in an ɗaure notinta. Ƴar robar nan da ake rataya hoto ko agogo da ita ba ta wannan aiki ba ce. A lura kuma: dal da yawa an yi su da bulo mai rami a ciki, wanda ake kira urdi, an jera shi tsakanin layukan kankare. Bulon ɓawo ne, ba ya riƙe komi. A ƙwanƙwasa da guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, rami ne. Inda ya yi tauri, nan ne kankare. Magini ya fi kowa sanin inda layukan suka bi.

Soro mai azara. Azarar giginya itace ne mai ƙarfi, tana yin shekaru masu yawa. Amma ba kowane soro aka rufe da giginya ba. Itacen ya yi tsada, kuma doka ta hana sare shi ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Da yawa an rufe su da wasu itatuwa da gara da ƙwaro ke ci ta ciki, waje kuwa kamar lafiyayye. A soka bakin wuƙa a gani. In gari yana zuba, wannan itace nauyin ƙasar da ke kanshi ma ya ishe shi. Ko azarar lafiyayya ce, kada a buga mata ƙusa daga ƙasa, don nauyi yana zare ƙusa sannu a hankali, kuma giginya tana tsagewa. Abin da ya fi shi ne a ratsa bututun ƙarfe mai kauri daga bango zuwa bango, a zaunar da kowane baki cikin siminti, a rataya fanka gare shi. Igiya, da wayar ɗaurin kaya, da tsumman roba, babu ɗayansu da za a amince ma.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a kawo fanka. A cika jarka mai lita 20 da ruwa, nauyinta kilo 20 ke nan. A ɗaura ta da igiya ga ƙugiyar, ta yi lilo kamar taƙi guda daga ƙasa. A bar ta yini. A kaɗa ta kaɗan. In ƙugiya ta motsa, ko ta miƙe, ko ƙasa tana zubowa, a sake aiki. Gara jarka ta faɗi.

Kafin a taɓa waya

Wutar gida ƙarfinta bolt 220 ne. Tana kisa. Ba ta da launi, ba ta da wari, waya mai wuta da marar wuta kamarsu ɗaya.

Kashe makunnin bango bai isa ba. A gidaje da yawa an haɗa makunni a baibai, yana yanke wayar da ba ta da wuta, mai wutar kuwa tana nan da ranta a sama. A tafi ga babban makunni da ke kusa da akwatin ƙidayar wuta, wanda masu gyara ke kira dijonkitar, a kashe shi. A gaya ma duk mutanen gida. A manna takarda a kanshi, ko a sa babban mutum ya tsaya wurin, kada wani ya zo ya ga firij ba ya aiki ya mai da wuta.

Ga wani tarko da ya kama mutane: an ɗauke wuta a unguwa, mutum ya ce bari ya yi sauri ya haɗa kafin a kawo. Ba ya da labarin minti da za a kawo ta. Ko an ɗauke, a kashe babban makunni. Gidan da ke da janareta, ko batir na hasken rana mai ba da 220, ko wayar da aka jawo daga maƙwabci, a raba su su ma.

Bayan haka a gwada. Akwai turnabis, wato sukudireba, mai ɗan ƙwai a cikin mariƙinta, ana kiran ta testa. Tun wuta tana nan, a fara gwada ta a soket, a tabbata ƙwan yana kamawa. Bayan an kashe babban makunni, a taɓa kowace waya da ita, ɗaya bayan ɗaya. In ƙwan ya kama ko kaɗan, a dakata, a kira gwani.

Mai aiki ya sa takalmin roba, hannunshi busasshe, daɓe busasshe. Ya hau tsani mai ƙafa huɗu ko tebur mai ƙarfi. Kujera bisa turmi, ko tano bisa bulo, karaya ce ke jira. Mutum na biyu ya riƙe tsani, ya miƙo kaya. A fitar da yara.

Akwatin ƙidaya da hatimin da ke jikinshi na kamfani ne, ba a taɓa su. Aikin mai gida daga babban makunni zuwa ciki yake. Wanda ke haya kuma ya nemi yardar mai gida kafin ya huda rufi.

Haɗa fanka

A buɗe kwali a ƙasa, bisa tabarma, a jera kayan. Akwai injin, da sanda mai rami, da kofuna biyu masu rufe sama da ƙasa, da fukafukai uku, da makunni mai lambobi, da ƴar leda mai ƙusoshi. Akwai takarda mai zane. Ko mutum bai jin harshen da aka rubuta ta, ya bi zanen, don fankoki sun ɗan bambanta.

A zura wayoyi ta cikin sanda. A zura kofunan biyu tun yanzu, na ƙasa bakinshi yana kallon injin, na sama yana kallon rufi. Wanda ya manta su sai ya kwance komi. A sa sanda a wuyan injin, a ratsa ƙusa mai noti, a ɗaure da sufana. A ƙarshen ƙusar akwai ɗan rami. Cikin ledar akwai ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu kamar matsefata. A zura shi cikin ramin, a buɗe ƙafafunshi da filaya. Aikinshi ya hana noti fita ko da ya kwance. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin kayan, shi ne kuma aka fi yarwa. A saman sanda ma haka: ƙusa, noti, da ɗan ƙarfen.

A saman sanda akwai roba baƙa mai kauri. Ita ke zama cikin ƙugiya, tana shanye girgiza, tana rage ƙara. A ɗaga injin da hannu biyu a zaunar da robar. Bakin ƙugiya ya zama a rufe, ko ya lanƙwasa sosai yadda fanka ba ta iya tsalle ta fita. Fankoki da yawa suna zuwa da siririyar igiyar ƙarfe ta tsaro. A ɗaure ta ga ƙashin rufi, ba ta yi sako-sako da yawa ba. In wata rana ƙusa ta karye, ita za ta riƙe injin.

Fukafukai a ƙarshe ake sa su, bayan injin ya rataya. In an sa su tun a ƙasa, suna bugun tsani su lanƙwashe. Fukafukan kwali guda an auna su tare, nauyinsu ɗaya. Wanda ya sayi fanka biyu kada ya gauraya su. A sa dukkan ƙusoshi da wasarsu, a ɗaure kaɗan-kaɗan ana zagayawa, sannan a ƙarasa.

Wayoyi

Waya uku ce. Ta farko mai wuta, ana ce mata faz. Launinta ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi. Ta biyu ita ce netir, wadda wuta ke komawa ta cikinta, launinta shuɗi. Ta uku wayar ƙasa, mai ratsin kore da rawaya. Wannan ita ce ƙa'ida. Amma a tsofaffin gidaje, ko inda aka yi aiki da abin da ya samu, ana iske launi guda ko'ina. Shi ya sa launi kaɗai bai isa shaida ba. In an rasa gane mai wuta, aikin ya fi ƙarfin sabon hannu.

Hanyar ita ce: faz ta shiga makunni, ta fita ta shiga akwatin lambobi, ta fita ta hau zuwa fanka. Netir ta tafi kai tsaye zuwa fanka, ba ta bi ta makunni ba. Wayar ƙasa a ɗaure ta ga ƙusar da ke jikin ƙarfen fanka, inda aka yi alama. Amfaninta, in wata waya ta goge ta taɓa jikin injin, wutar ta bi ta ƙasa maimakon ta bi ta jikin mai shafe ƙura. Gidaje da yawa ba su da ita. Lokacin gyara ne ya dace a sa gwani ya kafa sandar tagulla cikin ƙasa, ya kuma sa irin makunnin nan mai lamba 30 mA, wanda ke yanke wuta da kanshi in ta fara bin jikin mutum.

Kaurin waya 1,5 ya isa fanka, kuma ta zama ta tagulla. Siririyar wayar rediyo mai falle biyu ba ta gini ba ce. Waya ta bi cikin bututun roba, kada ta kwanta tsirara bisa kwano mai zafi ko inda ɓera ke wucewa. Wurin haɗi a yi amfani da domino, ƴar farar roba mai ƙusoshi biyu-biyu. A feƙe waya kamar santimetir guda, a zura, a ɗaure, a ja ta a ji ko ta kama. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da leda shi ke kawo zafi, zafi ya kawo gobara, ga silin na katako a kusa.

Akwatin lambobi na tsohon yayi yana ɗumi in yana aiki. Kada a rufe shi da labule ko kabad. A sa shi inda ƙaramin yaro bai kai ba. Makunnin rage hasken ƙwai kuma ba na fanka ba ne, yana sa injin kuka.

Wata magana ga mutanen ƙauyukan da ke aiki da faifan hasken rana. Akwai fanka mai bolt 12, wadda ke sha kai tsaye daga batir. Akwai mai 220. Ba su musanya. Mai 12 in ta ji 220 ta ƙone nan take, mai 220 kuwa ba ta motsi da batir sai an bi ta na'urar da ke juya wutar. A karanta lambar da ke jikin injin kafin a biya kuɗi.

Mutum yana iya yin awo, da ƙugiya, da haɗa fanka, da ratayawa, sannan ya kira mai gyaran wuta don wayoyi kawai. Ba abin kunya ba ne, kuma ladan aikin ya ragu tunda an rage mashi wahala. Gidan da wayoyinshi suka tsufa, robarsu tana farfashewa, ko makunni yana baƙi, wannan kam sai gwani.

Gwajin farko

A tura kofin sama ya rufe haɗin, amma a bar ɗan tsakani, kada ya goga rufi. A juya fukafukai da hannu a ji ko wani abu yana taɓawa. Kowa ya koma bakin ƙofa. A mai da babban makunni, a kunna a lamba mafi sanyi, a duba minti biyar, sannan a ƙara.

Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne. Amma in fanka tana rawa, a kashe. Mafi yawa ƙusar fiffike ce ba ta ɗauru ba, ko fiffike guda ya lanƙwashe. A ɗauki sanda a auna daga rufi zuwa bakin fiffike, a juyo na biyu wuri guda a auna, a juyo na uku. In ɗaya ya bambanta, ga mai laifi nan. In sabuwa ce a mai da ma mai kanti ya sake duka ukun.

In tana juyi amma iska ba ta saukowa, a duba ko an kifa fukafukai. In tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta da sanda, ko tana tafiyar hawainiya ko a lamba ta ƙarshe, mafi yawa kwandansa ce. Wata ƴar gwangwani ce a wuyan injin, ita ke ba shi ƙarfin tashi. Ba ta da tsada. Akwai lamba a jikinta, sau da yawa 2,5, kuma da mai irin lambar ake sake ta. Wani lokaci kuma laifin ba na fanka ba ne, wutar ce ta zo da rauni, kamar yadda ake gani da maraice cikin bazara in kowa ya kunna kayanshi. Warin ƙuna ko hayaƙi, a kashe babban makunni nan da nan.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, don za ta haɗa da mai ceto. A kashe babban makunni. In ya yi nisa, a ture wayar da busasshen itace. A kai shi likita ko da ya tashi ya ce lafiya lau, saboda wuta tana taɓa zuciya. A birane lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Abin da take ci, da abin da take yi

Fankar sama tana cin wat 60 zuwa 80. A ɗauki mai 75. In ta yi awa 10 a yini, ta ci wat-awa 750, wato kashi uku cikin huɗu na kilowat-awa. A wata guda kilowat-awa 22 da rabi ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki, ko ƙarama ce, tana cin ninki goma na haka ko fiye.

Sai dai a gane: fanka ba ta sanyaya ɗaki. Iska take kaɗawa, iskar ta busar da zufa, jiki ya ji sanyi. In ba kowa a ɗaki, barin ta a kunne ɓarnar kuɗi ce. Kuma in zafin cikin ɗaki ya wuce digiri 40, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa iskar fanka tana ƙara ma jiki zafi ne. A irin wannan rana a yawaita shan ruwa, a jiƙa jiki ko zane, a koma inuwa mai iska. Tsofaffi da jarirai da marasa lafiya su aka fi kula ma. Da dare, in waje ya fi ciki sanyi, a buɗe tagogi fanka ta gauraya iskar.

Wasu suna cewa tunda akwai fanka, sauro ba ya sauka, sai su naɗe gidan sauro. Iska tana rage shi, gaskiya ne. Amma wuta tana ɗaukewa da tsakar dare mutane suna barci, sauron kuwa yana nan laɓe a ƙarƙashin gado. Gidan sauro ya zauna inda yake. Iyaye maza masu wasan cilla yaro sama, ko ɗora shi a wuya, su yi wasan a tsakar gida. Haka mai ɗaga tabarya, ko sandar sharar yana, ko katifa.

Ƙurar hunturu tana taruwa bisa fukafukai, ta ƙara ma wani nauyi fiye da wani, fanka ta fara rawa. A kashe ta, a jira ta tsaya cik, a shafe da tsumma mai ɗan laima, hannu guda yana tallafe da fiffike kada ya lanƙwashe. Ba a watsa ma injin ruwa. Bayan wata guda da ɗaurawa, a kashe babban makunni, a hau a sake ɗaure ƙusoshin fukafukai. Daga nan sau ɗaya a shekara, kafin bazara, a sauke kofin sama a duba ƙugiya, da robar, da ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu. Roba tana bushewa da zafin kwano ta tsage, ƙusa tana cinyewa inda take goga. A soro kuma a ƙara dubawa bayan damina, don in rufi ya yi yoyo, bakin bututun da ke cikin bango yana iya sakin jiki.